Bakin Rawanin Baffa

Jiya a bakin kogin Shari, fankar da ke fitar da tururin fetur daga ɗakin injin jirgin ruwanmu ta ƙi tashi. Na kankare tsatsar wayar da ke zuwa batir, ta kama. Sai na ji hannuna yana laluben rawani, ni da ba na naɗawa.

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ke yin haka. Ranar da na fara sauya masa wayoyin fankar nan, ina jin ƙararta na kai hannu zan tayar da inji. Ya riƙe ni. Tafinsa da kaushi, yana warin baƙin mai. Ya kara bakin rawaninsa a bututun fankar na waje, sai bututun ya tsotse ƙyallen maimakon ya hura shi.

"Ɗana, ai ka juya wayoyin. Tururin yana ciki. Da ka murɗa makullin nan, da mun ƙone."

Bai yi faɗa ba, filaya kawai ya miƙo min.

Jiya da gefen rigata na gwada, iska ta ɗaga ta. Na waiga, babu mai gyaɗa min kai. Allah Ya sanyaya makwancinka, Baffa, Ya sa iskar Aljanna ce ke kaɗa rawanin nan.