Kifin Ƙarfe a Tsakiyar Binuwai

Yayana, wanda muke kira Hamma, yanzu littattafansa na injuna masu farautar mutane sun cika kasuwa. Amma ni na san inda ya koyi sana'ar: a jirgin fito, tsakanin Damare da Jimeta, tun ba a yi gada ba. Akawu ne a lokacin. Kowane babi sai ya gwada shi a kan fasinjoji, ya katse daidai inda rai ya tashi, yana kallon fuskoki kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Daminar farko ta yaƙin basasa, kogi ya cika maƙil, kowa a tsorace yake. Ina zaune da tulun man gyaɗata, shi kuwa ya dage yana ba da labarin wani kifin ƙarfe da aka ƙera ya riƙa bin jirage ta ƙarƙashi.

"Farko yana kashe inji," in ji shi.

Wallahi bai rufe baki ba injin ya yi tari ya mutu. Ruwa ya fara jan mu. Wani abu, ƙila kututture, ya bugi gindin jirgin. Sai salati. Mutane suka ruga gefe guda, jirgin ya karkata, ruwa ya taɓa min ƙafa. Wata mai goyo ta ɗora gwiwa a kan ƙarfen gefe za ta faɗa ruwa.

Na damƙe rigarsa. "Hamma, kai ka kunna wutar nan, ka kashe ta!"

Na ga idonsa, na gane bai da ƙarshen labarin. Tsoro ya kama ni sosai.

Ya sassauta murya. "Jama'a, kifin nan makaho ne. Motsi kawai yake ji. Kowa ya koma wurinsa a hankali, ya zauna. Adda mai goyo, useni, don Allah sauke ƙafan."

Ta sauke. Manyan 'yan kasuwa da rawunansu suka lallaɓa kamar masu satar nama, suka ƙame. Jirgin ya daidaita, har mai inji ya samu ya tayar da shi.

A bakin gaɓa mai goyon ta sharara wa Hamma mari. Tun ranar ba ya fara littafi sai ya san ta inda mutanensa za su tsira.

Ni kuwa har gobe, in mota ta hau gadar nan, sai in tarar na ƙame, ko yatsa ba na motsawa.