Maƙwabcin Babana

Gigin tsufa ya kama Baba a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin, shekara biyu bayan rasuwar Inna. Ni kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu, ina koyarwa a firamare kusa da Bunkure, sai yayata da ke aure a Kura. Da farko abin dariya muke ɗaukarsa. Ya ci tuwo ya wanke hannu, ya ce tun jiya ba a ba shi komai ba. Daga baya ya soma gaishe ni kamar baƙo, yana tambayata mutanen gidanmu, sai dariyar ta ƙare.

Da a cikin gida abin ya tsaya, da mun rufa wa kanmu asiri. Amma Baba manomin damina ne tun tashinsa. Lokacin da gwamnati ta kawo aikin noman rani, katafila ta baje gonakin ƙauyenmu, ta tumɓuke ɗorawarsa, aka ja kanal, aka sake yanka wa kowa fili. Ya karɓi nasa ya noma tumatir da alkama har ƙarfinsa ya ƙare, bai taɓa ƙorafi ba. Da hankalinsa ya gushe sai ya koma zamanin da ba kanal. A wurinsa ruwa a gona da rani ɓarna ce, wani wuri ne ya ɓalle. Sai ya saɓi fartanya ya tafi gyara.

A tsarin noman rani kowane layi da ranar ruwansa, in ta wuce ka sai wani makon. Mutum zai jera tiyo a bakin kanal, ruwa na gangarawa cikin kwamin tumatir ɗinsa, ya juya ya tafi salla. Kafin ya dawo Baba ya zare tiyon duka, ya toshe hanyar ruwan da laka, ya daddanne da ƙafa. Aiki mai kyau kuwa, don Baba bai iya aikin ha'inci ba. In ka same shi yana haki, cewa yake ya taimaki mai gonar.

Mutane sun yi haƙuri daidai gwargwado. Da dashen wani maƙwabcinmu ya ƙone, mai unguwa ya kira ni ya yi mini magana cikin mutunci, wadda ta fi zagi ciwo. Muka ɓoye fartanya, ya koma yi da hannu. Muka yi rubutu da tofi har na gaji da wanke allo. Na sa kwaɗo a ɗakinsa in zan tafi makaranta, sai ya yini yana dukan ƙyaure yana kiran Inna, matata tana tsakar gida da tsohon ciki tana kuka. Ran da ta tausaya ta buɗe masa, da azahar wasu Fulani masu shayar da shanu suka tsamo shi daga babban kanal. Bangonsa na siminti ne mai santsi, ko saurayi ya faɗa da ƙyar yake fita.

Yayata ta zo dubiya ta ce a ɗaure shi da igiya a ƙafa, ai ana yi. Na ce ban iya ɗaure ubana kamar akuya ba. Ta ce to in bar aikin in zauna da shi. Na ce ta tafi da shi Kura ko na wata guda ne, ta ce gidan miji ba gidanta ba ne. Gaskiya ta faɗa, amma na ji haushinta, kuma har yau ban gama hucewa ba. Masu ba da shawara sun yi yawa, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani abokin aikina ne ya ba ni labarin gidan gajiyayyu a birni. Akwai katanga, akwai abinci, akwai mai duba lafiya, kuma ba kanal. Sai dai ya ja kunnena cewa gidan na waɗanda ba su da kowa ne, mai ɗa a raye ba a karɓarsa. Na kai wata guda ina juya maganar. Na san abin da gari zai ce, kuma na san in na ƙyale, wata rana gawarsa za a tsamo mini. Na ce wa mutane asibiti zan kai shi, yayata ma haka na gaya mata.

Ranar wata Asabar na yi masa wanka, na sa masa farar rigarsa ta Juma'a, muka fita titi ta Garun Malam muka hau mota. Yana ta murna, yana nuna mini gonaki ta taga yana cewa duk ruwa ya ɓata su. A gidan gajiyayyun muka tarar da wani ma'aikaci dattijo da babban littafi a gabansa. Ya tambayi sunan Baba da garinsa na faɗa. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kai mene ne naka da shi?"

"Maƙwabcinsa ne ni," na ce. "Ba shi da kowa."

Na yi zaton ƙasa za ta tsage. Ba abin da ya faru, sai alƙalami da ya ci gaba da tafiya. Baba ya dafa kafaɗata ya ce wa ma'aikacin, "Yaron kirki ne, malam. Allah ya yi wa iyayensa albarka, sun yi tarbiyya."

Na bar shi a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, cikin tsofaffi, yana ba su labarin damina. Duk ƙarshen wata nakan je da goro da fura. Ma'aikatan suna yaba mini, suna cewa irin wannan maƙwabtaka ta yi ƙaranci a zamanin nan, ni kuma ina sunkuyar da kai. Sau da yawa na shirya in faɗi gaskiya, sai in tuna za su ce in tafi da shi. Ya yi ƙiba kaɗan, ƙafafunsa sun daina tsagewa. Wannan ma bai sanyaya mini rai ba, don ya nuna mini baƙi sun fi ni iya riƙe shi.

Wata na bakwai, ina cikin aji da alli a hannu, wani direban motar haya ya leƙo ya miƙo mini 'yar takarda. An rubuta cewa a sanar da maƙwabcin nan, tsohon da ya kawo Allah ya yi masa rasuwa shekaranjiya da hantsi. Tunda ba shi da dangin da za a jira, an yi masa sutura an kai shi kafin la'asar. Sun ƙara da cewa suna gode mini.