Tabarmar da aka shimfiɗa mini a Zugu

Ba zan taɓa mantawa da hantsin da labarin ya same ni ba. Ina tsugune a inuwar wani zaure a garin Zugu, cikin ƙasar Benin, ina yi wa tayar bayan keke faci, sai waya ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga gida, Tsohon Birnin Gwari. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Sai haƙuri fa. Yaya ya cika ɗazu. Bayan azahar za a kai shi."

Tafiyar nan tasa ce tun asali. Gyaran keke ne sana'arsa, kuma ya daɗe yana cewa wata rana mu biyu za mu tuƙa har Salaga, a ƙasar Gana, mu ziyarci kabarin mahaifinmu, wanda ya je fataucin goro ya rasu a can muna ƙanana. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya ba ni kekensa da wani ɗan littafi da ya tsara tafiyar a ciki, kowace rana da garin da zan kwana. Ya ce, "Ka isa, ka yi masa addu'a a madadinmu duka." Tun ranar farko na saɓa wa littafin. Hanyar daji ba ta biyuwa ga mutum shi kaɗai saboda 'yan bindiga, dole na ɗora keken a kan bas har Kontagora. Da na gaya masa a waya, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kai, ɗan nan! Na ce ka hau keke, ka je ka biya wa keke kuɗin mota?"

Da ƙanwata ta kashe wayar, ban yi kuka ba. Na mayar da tayar, ko iska ban gama ba ta ba, na juya kan keken ya fuskanci gida. Sai mai zauren ya taso, wani dattijo mai sayar da goro da ban ma san sunansa ba a lokacin. Ya ji duk abin da aka faɗa. Ya riƙe kan keken.

"Ɗana, ina zuwa?"

Na ce, "Gida, Baba."

"A kan wannan? Ko jirgi ka hau yanzu ba za ka samu jana'iza ba. Wanda aka yi wa rasuwa ba ya gudu a titi. Zama yake yi, a zo a same shi."

Ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar zauren, ya zaunar da ni a tsakiya. Bayan azahar ya sanar a masallaci. Mutane suka yi ta zuwa, suna cire takalmi, suna ɗaga hannu a yi fatiha. Wasu Hausarsu ba ta wuce "Allah ya jiƙansa" ba, amma sun faɗa, sun zauna. Duk wanda ya iso, dattijon zai ce, "Yayansa ne, mai gyaran keke," kamar maƙwabcinsa ne na shekara da shekaru. Mata suka riƙa aiko da abinci daga gidajen da ban taɓa shiga ba. A rana ta biyu ne hawayen suka zo, kuma babu wanda ya ce in yi shiru.

Da aka yi addu'ar uku, na buɗe littafin na ce zan ƙarasa, alkawari ne. Dattijon ya dube ni ya ce, "Wa ya rage a gida?" Na ce mahaifiyarmu. Ya ce, "Wanda ke Salaga ya daɗe a kwance, ba inda zai je. Ita kuwa tsohuwa, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai ta ɗaga kai."

Na bar masa keken ajiya, na bi mota. Da na isa gida na shiga ɗakin mahaifiyarmu, ta riƙe hannuna. Na ba ta labarin tabarmin da mutanen. Ta ce, "Ashe ɗana ya samu masu yi masa addu'a har a ƙasar da bai taɓa takawa ba." Bayan wata biyar ita ma ta bi shi, ina zaune a gefenta.

A da ina ɗauka cika alkawari shi ne bin abin da aka rubuta layi-layi. A Zugu na koyi cewa akwai ranar da ya kamata mutum ya rufe littafi ya saurari wanda ya tare shi a hanya. Kullum ina yi wa dattijon nan addu'a, shi da mutanen unguwarsa. Salaga kuwa, har yau ban isa ba.