Hannun Rabo

Lawwali tela ne a kasuwar Ƙanƙara, shekarar Udoji kuma, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, ta same shi da sabon keken ɗinki. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e suka yi ta kawo shadda. Amininsa tun suna yara shi ne Rabo, manomi daga Pauwa. Ranar kasuwa sukan zaga hannu cikin hannu yadda aminai ke yi, ba mai ko kallonsu.

A bakin tasha akwai Barau, ɗan daudu mai tuwo. Lawwali bai taɓa wuce shi bai tofar da yawu ba. Wata rana Barau ya gyara zane ya ce, "Malam tela, yawun nan naka ba ya ƙarewa? Mai yawan tofi dai akwai abin da ya maƙale mashi."

'Yan kamasho suka yi dariya suka manta. Lawwali bai manta ba.

Waswasi ya kama shi. In ya zagaya da tef a ƙirjin wanda ya kawo ɗinki sai ya tsaya sauraron zuciyarsa: ta buga? Don me ta buga? Bai taɓa sha'awar namiji ba, matarsa Safara'u kuwa yana sonta, amma tambayar ba ta jin amsa. Ya yi alwala, ya sake, ya kuma sakewa. Ya daina awo ya koma ƙiyasi da ido, riguna suka fara fitowa a karkace.

Sai ya mai da ƙyama ma'auninsa. Kullum yakan bi ta tasha ya dubi Barau. In zuciyarsa ta tashi, to, lafiya yake. Bai gane cewa ƙyamar ce ke ciyar da tsoron ba. Da bai ɗauki Barau ƙazanta ba, ai maganar Barau ba ta da dafi. Ran da ya duba ya ga dattijo ne kawai yana fifita wuta, bai ji komai ba, sai gumi ya karyo masa.

A ranar Rabo ya iske shi a rumfa, ya kama hannunsa. Lawwali ya fizge kamar ya taɓa garwashi.

"Kai, ɗan tela, mi na yi maka?" in ji Rabo. "Ko hannun manomi ya yi kaushi tunda ka saba da shadda?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"To mi ne ne?"

Lawwali ya buɗe baki. Wace kalma zai faɗa wadda ba za ta zama shaida a kansa ba? Ya mai da ido kan kekensa.

Rabo ya dubi tafin hannunsa, ya goge a riga. "Allah shi ba mu alheri," ya ce.

Da kasuwa ta zagayo, Lawwali ya hango Rabo ya wuce da yadin Sallah a hammata, ya shiga rumfar wani tela. Lawwali ya ɗaga hannu zai kira shi. Sai ya tsaya yana tambayar kansa: don me nake son ya dawo?