Hukuncin Hanora a kan Gonar Wakely

Hanora Mulqueen ungozoma ce a Kilbarna, wani ƙauye na bakin teku a yammacin Ireland. Rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta ya nutse a teku tana da shekara talatin, ba ta sake aure ba. Ɗan ƙanenta Malachy ta riƙa tun yana rarrafe, har ya zama magidanci.

A shekarar 1920 mutane suka daina zuwa kotun Sarkin Ingila. Masu neman 'yanci suka ce jamhuriya za ta kafa nata kotunan, kowane ƙauye ya zaɓi alƙalai uku. Kilbarna ta zaɓi Fada, limamin cocin Katolika, da maƙerin gari, da Hanora, don an san ba ta kai maganar wani gida zuwa wani. Ba su da ɗakin shari'a. Yau a makaranta, gobe a rumbun ciyawa, wani yana kan tudu yana duban motar soja.

Ƙara ta farko mai nauyi ta tsoho Wakely ce, ɗan cocin Ingila, mai filin kiwo mafi faɗi a yankin. Maza marasa gona sun rushe katangarsa, sun kore shanunsa, sun kafa turaku sun raba filin. Malachy ne a gabansu. Tsohon bai je wurin 'yan sanda ba, kotun jamhuriya ya kawo kukansa.

Ana gobe zama, Malachy ya tarar da ita tana feraye dankali.

"Gwaggo, ai kin san abin da za ki faɗa gobe."

"Sai na ji tukuna."

"Ki ji me? Daga filin nan aka kori kakanmu. Ke kika ba ni labarin."

"Ni na ba ka. Ban ce ka rushe katangar mutum ba. Zauna ka sha shayi."

Bai zauna ba.

Washegari rumbun ya cika. Fada ya ba Wakely gaskiya, maƙeri ya bi bayan mazan, magana ta rage gare ta. Ta dubi fuskokin, yawancinsu ita ta yanke musu cibi. Ta ce a mayar da shanu, a gyara katanga, batun rabon fili kuma a kai babbar kotun gunduma.

Ba wanda ya ɗaga murya. Mazan suka sa huluna suka fita ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Allah ya ba ki tsawon rai, alƙaliya," yana murmushin da ba ta so ba.

Sun gyara katangar, don mayaƙan jamhuriya sun tsaya a kansu. Bayan kwana huɗu ta fito da safe ta ga an haƙa rami a lambunta, daidai tsawonta, kamar kabari. Ta ɗauki shebur ta cike shi, ba ta gaya wa kowa ba. Da kaka sojojin Ingila suka zo neman littafin kotu, suka farfasa tukwanenta, suka ƙone maƙera. Daga nan in ta ji takalmi a hanya sai ta ajiye abin da take yi ta saurara, ba ta san daga wane ɓangare za a zo mata ba.

Bayan shekara biyu, da aka sasanta da Ingila, sabuwar gwamnatin Ireland ta rufe kotunan ƙauye da takarda ɗaya, ta aiko alƙalanta daga Dublin, babban birni. Malachy ya shiga duwatsu da masu yaƙar gwamnatin, aka kama shi, da aka sake shi ya hau jirgin ruwa zuwa Boston, can ƙetaren teku, bai yi mata sallama ba. Wakely ya sayar da gonar ya koma Ingila. Daga baya hukuma ta raba filin ga mazan nan.

Hanora ta ci gaba da karɓar haihuwa har idonta ya raunana. Gidaje shida na mazan nan ba su sake kiranta ba. In naƙuda ta kama matansu, sai a ɗaura wa doki sirdi a tafi mil tara neman wata, ko ana ruwa. Ta rasu a 1943, aka binne ta kusa da iyayenta.