Malam Hashimu da Damin da Ya Ba da Tiya Shida

Shekara talatin da biyar ke nan Malam Hashimu na tuƙo kekensa ta tsakanin gonaki zuwa sakandaren da ke gefen Makoda, igiyar awo a ɗaure a bayan sirdi, alli a aljihu. Wannan watan zai ajiye aiki. Ni ma na koyar har na tsufa, kuma ban cika yarda da yabon da ake zubawa a taron sallama ba. Shi ya sa zan faɗi abu ɗaya da aka gani da ido.

Bara aka ce 'yan aji shida kowa ya zaɓi batun da zai yi aikin lissafi a kai. Yara suka kwaso daga waya, wannan gudun jirgin ƙasa, wancan tsayin bene.

"Wa ya taɓa ganin jirgin ƙasa a cikinku?" in ji Malam. "To ku kawo min batun da za ku iya takawa da ƙafa ku je inda yake."

Wata ɗaliba, Raudatu, ta ce ita rumbun gidansu za ta auna. Mahaifinta, Nababa, yana da dami tasa'in na gero, ya kuma yi alkawarin sayar wa dillali ashirin ranar Alhamis. Gidan na cin tiya biyu kullum, ga wata tara kafin sabon gero. Tambayarta ɗaya ce: zai kai?

Ranar Talata sai ga Nababa a ƙofar aji, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Kai ne ka aiko 'yata ta ƙirga min abinci? Ƙirge na kore albarka, Malam! Tun kakanni dami tiya takwas ne."

Malam Hashimu ya san in ya kuskure kalma, mutumin zai juya, motar dillali kuma za ta zo jibi.

"Allah ya huci zuciyarka, Baba Nababa. Zakkar bana, yaya ka fitar da ita?"

"Ɗaya cikin goma mana."

"Ashe ka ƙirga."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya, Malam ya harare shi ya haɗiye ta. Sannan Malam ya ce a fito da dami uku, na sama da na tsakiya da na ƙasan rumbu, a sussuke a auna. In kowanne ya ba da takwas, shi da kansa zai ba da haƙuri a ƙofar masallaci, Raudatu kuma ta sake batu.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, maƙwabta sun yi cirko-cirko. Hure, uwar Raudatu, ta sussuke ta sheƙe a ciki ana miƙowa. Raudatu na cika tiya tana ƙirgawa. Huɗu. Biyar. Shida. Ta kai hannu cikin ƙwarya, babu sauran komai.

"Wannan na sama ne, ɓera ya taɓa," in ji Nababa.

Na tsakiya ya ba da shida. Na ƙasa shida da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Ruwa ya ɗauke da wuri a daminar da ta wuce, zangarniya ta yi tsawo amma ba ta cika ido ba. Dami na nan da girmansa, tsabar ce babu.

Malam ya miƙa wa yarinyar alli. A jikin garu ta rubuta: dami tasa'in, tiya ɗari biyar da arba'in, kwana ɗari biyu da saba'in cif. In an sayar da ashirin, rumbu zai ƙare saura wata biyu, a tsakiyar damina, lokacin da ake noma da ciki.

Daga bayan zaure aka jiyo muryar Hure: "Mu da ke sussuka tun kaka muka sani. Wa ya tambaye mu?"

Nababa ya daɗe yana kallon garun. Can ya ce a je a gaya wa dillali kada ya ɓata man motarsa.

Malam Hashimu, kai ne ka mayar da lissafi gida, inda ake ci da shi. Ba ka kunyata uba a gaban 'yarsa ba, ba ka kuma bar 'yar ta janye tambayarta ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya sa hutun ya zame maka lafiya. Malaman da ke tasowa, ku bar yara su tambayi abin da ke cikin gidajensu, ko da manya za su ɓata rai.

Geron gidan Nababa ya kai, da kyar. Ranar da aka share ƙasan rumbun, saura kwana huɗu a fara yankan sabo, abin da aka sharo shi ya riƙe su. Rubutun Raudatu na nan a garu, Nababa ya hana a yaɓe wurin.