Arzika Baduku da Tayar Malam Haruna

A Kekun Waje aka haifi Arzika, a gidan dukawa, ya tashi hannunsa na warin bagaruwa. Da mahaifinsa ya rasu sai ya komo Bungudu, ya kafa rumfa gindin wata tsamiya a bakin kasuwa. A lokacin kayan doki da kuben takobi su ne cinikin baduku. Bayan zuwan Turawa aka rataye takubba, ciniki ya ja baya, Arzika ya koma ɗinka wasaki na jan ruwa da salka da takalman fatake. Bai yi arziki ba, bai kuma kwana da yunwa ba. Abin da ya tara a duniya shi da matarsa Shafa'atu saniya biyu ne, suna cikin garken wani Bafulatani amininsa mai suna Jibo, can hayin gulbi.

Mutum ne marar yawan magana, amma in aka miƙa masa fata, kafin mai ita ya gama sallama ya san ko ta yi kwana a rana, ko majemi ya yi mata gaggawa. Lanƙwasa ta yake yi, ya shinshina, ya soka farce, shi ke nan.

Shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa Gusau, Arzika ya haura arba'in da biyar. A bazarar nan aka fara jin labarin bushiya, cutar da ke share garke kaf, wai ta ɓulla wajen Tsafe. Jibo ya zo rumfa ya zauna jugum, ya ce kakansa ya taɓa ba shi labarin shekarar da ungulu suka ƙoshi har suka kasa tashi.

Ran nan da hantsi sai ga wani saurayin magidanci yana turo babur, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ƙaramin babur ne baƙi, an ɗaura masa akwatin katako a baya, an lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Ya yi sallama ya ce sunansa Haruna, malamin dabbobi ne, daga Zazzau aka turo shi. Abin da ke cikin akwatin maganin allurar bushiya ne, daga Gusau yake ɗauko shi ya kai rugage, in kuwa ya daɗe a zafi ya lalace.

"Baba, an ce kai ne mai ɗinki a nan. Tayar baya ta yage. Wannan ce ta uku cikin wata guda."

Arzika ya tsuguna ya duba. Bai taɓa taɓa taya ba.

"Malam, ni fata na sani. Wanga abu ban san mi ne ne ba."

"Ka gwada, don Allah. Shanu ɗari biyu ke jirana."

Malam Haruna ya liƙe robar ciki mai riƙe iska da sholisho, shi kuwa Arzika ya yanko kirgi mai kauri ya ɗinke yagar ta waje da basilla, ɗinkin da ya san ko wasaki ne sai ya yi shekara. Babur ya tashi da ƙara ya tafi. Kafin azahar sai ga shi an sake turo shi. Ɗinkin yana nan daram, amma robar ta ɓare daga gefensa kamar busasshiyar waina. Maganin ranar ya lalace.

Abin ya tsaya wa Arzika a rai. Ya roƙi a bar masa matacciyar tayar, ya sa wuƙa ya tsaga ta gida biyu, ya wuni yana juya ta. A nan ya ga ashe ba roba ce zalla ba, akwai saƙar zare a ciki, hawa biyu kacal, kuma zaren ya rube. Robar da kanta in ya lanƙwasa sai ta yi tsaga-tsaga ƙanana, irin na fatar da aka manta a kan danga.

Washegari ya ce wa Malam Haruna, "Ba hanya ta kashe ta ba. Tun ba a sa ta ba ta mutu. Wa ke zaɓo maka su?"

"Ni dai takarda nake kaiwa kanti, su miƙo mini."

"To, wanga karon ka tafi da ni."

Malam Haruna ya ce ya hau bayansa. Arzika ya dubi babur, ya dubi tayar aro da aka sa masa, ya ce jakinsa bai taɓa fashewa ba, su haɗu a Gusau.

Kantin na wani Balarabe ne, irin waɗanda ake kira Kwara, kusa da inda ake awon gyaɗa. Akawun kanti ya sauko da taya ɗaya daga cikin waɗanda aka rataye a baranda, ya goge ta da tsumma mai mai har ta yi ƙyalli. Arzika ya karɓa, ya lanƙwasa gefenta, ya nuna wa Malam Haruna tsagar da ta buɗe.

"Wagga ta sha rana. Babu wasu a ciki, inda ke da inuwa?"

Akawu ya ɓata fuska, ya ce tun da yake bai taɓa ganin baduku yana koya wa kanti taya ba. Mai kantin da ke zaune yana jinsu ya yi dariya, ya ce a shigar da su ciki su duba.

Iri uku suka tarar a ɗakin ajiya, wasu ma ba a kwance musu takarda ba. Arzika ya zauna a ƙasa ya jera su gabansa. Ya ɗaga kowacce ya ji nauyinta. Ya soka farce a bayanta ya ga ko wurin zai ciko. Ya shinshina, ya ce sabuwa tana da wari mai ƙarfi, tsohuwa kuwa ƙura kawai take wari. Ya tura hannu ciki yana laluben saƙar zare. Daga nan ya kwance bakin zaninsa ya fito da ƙayar aduwa guda uku da ya tsinto a hanya, ya shiga danna su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ƙaya ta shige ta salin-alin. Ta biyu ta ɗan yi gardama. Ta uku, mai nauyi da zurfin zane, ƙayar ce ta karye.

Malam Haruna ya ce, "Baba, wannan ta yi nauyi. Babur ɗin ƙarami ne, ba zai yi gudu ba."

"Gudu kake so ko isa? Duwatsun Kwatarkwashi ba su san mai ƙyalli ba. Amma ka auna ta tukuna, takalmin da bai yi ƙafa ba banza ne komi kyansa."

Aka auna, ta zauna daidai. Suka ɗauki biyu. Da suka komo Bungudu Arzika ya ƙara nasa: ya yanko jan fatar akuya mai laushi, ya fere gefenta har ta yi kamar ganye, ya shimfiɗa ta tsakanin taya da robar ciki, don ko ƙaya ta huda ta tarar da wani shinge. Ya kuma ce kada a riƙa barin babur a rana, a rufe ƙafafunsa da buhu in an tsaya.

Tayoyin nan suka ci sauran bazara, suka ci damina da laka da tsakuwa, daga Gusau zuwa Tsafe, daga Tsafe zuwa rugagen Bungudu. Sau biyu kawai aka yi faci. Magani ya riƙa isa da sanyinsa.

Ba kowa ya yarda da allurar ba, wasu Fulani cikin sauri suka kora shanunsu daji. Jibo ma ya yi ta jan ƙafa, sai da Arzika ya ce a fara da nasa biyun. Allurar tana da zafi, takan kwantar da dabba kwanaki. Ƙaramar saniyar Arzika ba ta tashi ba. Shafa'atu ta yi kuka, Arzika ya je da kansa ya feɗe ta. Babbar ta warke, garken Jibo ya rasa maruƙa huɗu. Da cutar ta iso sosai bayan kaka, rugar da ke maƙwabtaka da su, wadda ta gudu, da shanu bakwai ta komo. Na Jibo suna nan suna kiwo. Ranar kasuwa Jibo ya zo da matarsa Mairo ɗauke da ƙwaryar man shanu, ya ajiye gaban Arzika, ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Daga nan suna ya tafi. Masu awon gyaɗa da akawuna da malaman hanya, duk mai keke ko babur da zai sayi taya sai ya biyo ta gindin tsamiya. Arzika ya koyi faci, rumfarsa ta koma rabi fata rabi roba. In an yaba masa sai ya ce shi bai ƙirƙiro komi ba, Allah ne ya turo masa abinci har inda yake zaune, a lokacin da ya zaci sana'ar gidansu ta ƙare a kansa. Kullum ya idar da salla yakan sa Malam Haruna cikin addu'a.

Bayan shekara biyu aka mayar da Malam Haruna Argungu. Ya zo sallama da safe, Shafa'atu ta ƙulle masa dakuwa da ƙuliƙuli a ganye. Ya ciro famfonsa na busa iska ya miƙa wa Arzika.

"Baba, riƙe wannan. Can za su ba ni wani."

"Allah shi saka da alheri, Malam. Allah shi kai ka lafiya. In ka sami mai zuwa, ka aiko muna da gaisuwa."

Ya raka shi har bakin hanya, ya tsaya sai da ƙarar babur ta ɓace. Sannan ya komo rumfa, domin wani mutumin Tsafe na zaune tun ɗazu da keke a kife, yana jiransa.